Filin Tambaya da Amsa: Idan Ƙwaƙwalwa Ta Ba da Shaidar Abin da Bai Faru Ba

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa sun zo daga garuruwa daban-daban, amma damuwar masu su kusan ɗaya ce: ko dai mutum yana riƙe da wani abu a ransa babu ko shakka, sai hujja ta zo ta ce ba haka aka yi ba, ko kuma ya wayi gari yana jin duniyar da ya saba da ita ta zame masa baƙuwa. Kamar yadda muka saba, mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen waɗanda suka aiko su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne, shekaruna sun haura hamsin. Kwanan baya muna hira da ɗana, sai na ce masa marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a Saudiyya ya rasu, aka ɗauko gawarsa cikin dare aka sauke a Abuja. Yaron ya ce a'a, a Abuja ya rasu, ya buɗe waya ya nuna mini. Na tambayi abokaina a majalisarmu, ɗaya daga cikinsu ya ce shi ma Saudiyya ya sani. Ni kuwa har yanzu ina ganin jirgin a idona, ga motar asibiti a gefensa, kuma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗana ya ce akwai masu cewa irin wannan alama ce ta duniya ta sauya, wai mun tsallako daga wata duniya zuwa wata ba mu sani ba. Shin tarihin aka canza, ko kuwa kaina ne ya fara samun matsala?
Daga wani malami a Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba a canza tarihi ba, kuma babu abin da ya sami kanka. Ɗanka ne ke da gaskiya game da wurin rasuwar, amma kafin ka zargi ƙwaƙwalwarka, bari mu jero yadda al'amarin ya gudana, domin a cikin jerin ne amsar take.

A ranar 23 ga Nuwamba, 2009, aka fita da marigayin zuwa wani asibiti a Jidda saboda ciwon da ya shafi zuciya. Ya yi wata 3 a can jama'a ba su sa shi a ido ba, raɗe-raɗin rasuwarsa suka cika gari, har sai da aka ji muryarsa a gidan rediyon BBC cikin Janairun 2010 yana cewa yana samun sauƙi, kuma ko a sannan akwai waɗanda suka ƙi yarda cewa muryarsa ce. A ranar 9 ga Fabrairu Majalisar Tarayya ta amince mataimakinsa, Goodluck Jonathan, ya zama muƙaddashin shugaban ƙasa. A ranar 24 ga Fabrairu, cikin tsakar dare, jirgi ya sauka da shi a Abuja, motar asibiti ta tarbe shi, sojoji suka killace wurin, kuma tun daga wannan dare talakan Najeriya bai sake ganinsa ba har Allah ya yi masa rasuwa a fadar shugaban ƙasa ranar 5 ga Mayu, 2010. Washegari aka ɗauki gawarsa a jirgi zuwa Katsina, inda aka yi masa sutura.

To, dubi abin da ke hannunka. Zuwa Saudiyya gaskiya ne, jirgin dare gaskiya ne, motar asibiti gaskiya ce, kuma gaskiya ne an ɗauki gawarsa a jirgi. Inda kuskure ya shigo shi ne wajen haɗa su, domin ƙwaƙwalwarka ta ɗauki tafiya biyu da ke da tazarar mako 10 a tsakaninsu ta mayar da su tafiya guda. Ta yi haka ne saboda labarin da ta samar ya fi na ainihi sauƙin riƙewa: mutum ya tafi jinya, bai sake bayyana ba, sai aka ji rasuwarsa. Raɗe-raɗin da aka yi ta yi a lokacin su ma sun bar sawunsu, domin labarin da aka ƙaryata ba ya gogewa daga ƙwaƙwalwa, sau da yawa ma ƙaryatawar ce ake mantawa, labarin farko ya zauna. Najeriya ta taɓa ganin haka a 1989, lokacin da kafofin labarai suka sanar da rasuwar Dokta Nnamdi Azikiwe alhali yana nan da ransa, bai rasu ba sai a Mayun 1996.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe da gano cewa abin da ya faru da mutum ba a ajiye shi dunƙule a wuri ɗaya. Abin da ido ya gani, da abin da kunne ya ji, da wurin da ake, da halin da zuciya ta shiga, kowanne yana da inda yake zama, sai wani ɗan ɓangare da ke can ciki daura da kunne, wanda likitoci ke kira hifokamfus, ya riƙa ɗaure su tare. Duk lokacin da ka ce bari in tuna, sabon haɗi ake yi, kuma inda aka sami giɓi sai a cike shi da abin da ya fi kama hankali ko abin da ka ji daga baya, ba tare da ka ji a jikinka cewa ciko ne ba. Abin ya yi kama da katangar ƙasa da ake yi wa yaɓe duk bayan damina: mai gida zai rantse katangar kakansa ce, kuma bai yi ƙarya ba, amma yawancin ƙasar da yake dafawa da hannunsa ta baya-bayan nan ce. Tun a 1932 wani malamin jami'ar Kambrij ta Ingila, Frederic Bartlett, ya nuna wannan, lokacin da ya ba mutanen ƙasarsa wata tatsuniya ta 'yan asalin nahiyar Amurka ya riƙa sa su maimaita ta bayan kwanaki da watanni. Labarin ya yi ta gajarcewa, abubuwan da ba su saba da su ba suka riƙa faɗuwa, wasu kuma suka rikiɗa suka zama irin na ƙasarsu, alhali kowa yana ganin daidai yake kawowa.

Maganar da ɗanka ya ji ita ce ake kira tasirin Mandela. Wata Ba'amurkiya mai suna Fiona Broome ce ta raɗa sunan wajejen 2009, bayan ta lura cewa ita da wasu mutane da dama suna tuna wai Nelson Mandela ya mutu a kurkuku tun shekarun 1980, har suna kawo bayanin jana'izarsa a talabijin. Alhali an saki Mandela ranar 11 ga Fabrairu, 1990, bayan shekara 27 a tsare, ya mulki Afirka ta Kudu daga 1994 zuwa 1999, ya rasu ranar 5 ga Disamba, 2013, yana da shekara 95. Amma akwai ɗan gwagwarmayar ƙasar da ya mutu a hannun 'yan sanda, wato Steve Biko a 1977, akwai kuma Chris Hani da aka harbe a 1993 aka yi masa gagarumar jana'iza da duniya ta kalla. Ga wanda yake jin labarin ƙasar daga nesa, sama-sama, haɗa waɗannan da sunan da ya fi kowanne shahara ba abin mamaki ba ne. Da wuya ka ji mutumin Soweto, unguwar baƙaƙen fata a Afirka ta Kudu, da ya bi dogon layi ya jefa wa Mandela ƙuri'a a 1994 yana wannan magana.

Kusanci da abu ma ba kullum yake kare mutum ba, idan abin ƙarami ne kuma hoto ɗaya ya yi ta maimaituwa. A ranar 2 ga Agusta, 1980, bam ya tashi a tashar jirgin ƙasa ta Bolonya a Italiya, ya kashe mutum 85, agogon bangon tashar ya tsaya a ƙarfe 10:25. Ba a daɗe ba aka gyara shi, ya ci gaba da aiki har 1996, sannan ya sake lalacewa, hukuma ta tsayar da shi a 10:25 domin tunawa da mamatan. Da masu bincike suka tambayi mutanen da suka san tashar sosai, har da ma'aikatanta, kashi 92 cikin 100 suka ce agogon a tsaye yake tun ranar bam ɗin. Shekara 16 suna wucewa ta ƙarƙashinsa yana tafiya, amma hoton da jaridu da allunan tunawa suka yi ta nunawa shi ne ya rinjayi abin da idonsu ya gani. Wannan ne ma bayanin abokin naka na majalisa: rediyo ɗaya kuka saurara, raɗe-raɗi ɗaya kuka ji, don haka kuskurenku ya zo ɗaya, kuma yardarsa da kai ba shaida ta biyu ba ce.

Batun tsallakowa daga wata duniya kuwa, ban ga abin kamawa a cikinsa ba. Gaskiya ne a ilimin fiziks akwai hasashen da Hugh Everett ya kawo a 1957 game da yiwuwar samuwar duniyoyi masu yawa, amma ko a cikin hasashen babu inda aka ce mutum zai bar wata ya faɗa wata ɗauke da abin da yake tunawa. Ka kuma lura cewa sauyin da ake iƙirari kullum a kan abin da mutum bai bibiya sosai ba yake faɗawa, kamar harafin sunan wani kamfani ko shekarar mutuwar wani shugaba, ba mu taɓa jin wanda ya tashi da safe ya tarar sunan mahaifiyarsa ya canza ba. Abin da zai sa mai shekarunka ya nemi likita daban ne: yawan manta abin da ya faru ɗazu, maimaita tambaya ɗaya a zama ɗaya, ko ɓacewa a hanyar da ya saba bi.

TAMBAYA: Mahaifinmu ya rasu shekara 6 da suka wuce. Ina zaune a ɗakinsa lokacin da ya ce gonarsa ta bakin fadama aro ya ba ƙaninsa, ba kyauta ba. Yayana ma yana wurin, amma ya rantse da Allah cewa kyauta Baba ya ce. Yayana mutum ne mai tsoron Allah, ban taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma ba shi da wata riba a maganar, hasali ma rabonsa ne zai ragu. Ni ma Allah ya sani abin da na ji nake faɗa. Yanzu har gaisuwa ta yi nauyi tsakaninmu. A cikinmu wa yake ƙarya?
Daga wata Hajiya a Maraɗi

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Bisa abin da kika rubuta, mai yiwuwa babu maƙaryaci a cikinku, domin maƙaryaci shi ne wanda ya san gaskiya ya faɗi saɓaninta. Ɗayanku dai ya yi kuskure, ko ma ku duka, kuma ba zan iya gaya miki wane ne ba, domin ƙarfin rantsuwa ba ya nuna hakan.

Mutum ba ya riƙe lafazin magana na tsawon lokaci, abin da ya fahimta ne yake riƙewa, daga baya ya sa masa kalmomi. Idan marigayin ya ce, a misali, "na bar masa gonar yana nomawa", kunne ɗaya zai ji aro, ɗaya ya ji kyauta, kuma bayan shekara 6 ana maimaita zancen, kowa zai ji muryar Baba a kunnensa tana furta kalmar da shi ya fahimta. Ko tambayar da aka yi wa mutum daga baya tana iya sauya abin da yake tunawa. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer na jami'ar Washinton a Amurka sun nuna wa ɗalibai fim ɗin hatsarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Waɗanda aka ce wa motocin sun ragargaji juna suka ƙiyasta kusan kilomita 65 a awa, waɗanda aka ce wa sun bugi juna suka ce kusan 55. A wani gwajin, bayan mako guda aka tambayi ɗalibai ko sun ga fasasshen gilashi, sai 16 cikin 50 na rukunin farko suka ce sun gani, 7 kawai cikin 50 na rukuni na biyu suka ce haka, alhali babu gilashin da ya fashe a fim ɗin.

Za ki ce ai maganar mahaifi a ƙarshen rayuwarsa ba irin wadda ake mantawa ba ce. Abin da bincike ya nuna shi ne, girman al'amari tabbacin mutum yake ƙarawa, ba lallai ya ƙara daidaitonsa ba. Lokacin da kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse ranar 28 ga Janairu, 1986, ya kashe mutum 7 da ke cikinsa, Ulric Neisser na jami'ar Emory ya sa ɗalibai suka rubuta washegari inda suke da yadda suka ji labarin. Bayan kusan shekara 3 aka sake tambayar 44 daga cikinsu, sai kashi ɗaya cikin huɗu suka kawo labarin da bai dace da rubutunsu na farko ba ko a wuri ɗaya, kuma da yawansu suna da cikakken tabbaci. Akwai waɗanda aka nuna wa takardar, suka yarda rubutun hannunsu ne, amma suka ce su dai ba haka suke tunawa ba.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma da muminai take magana, ba da mayaudara ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sallama bayan raka'a 2 a ɗaya daga cikin sallolin Azahar da La'asar, sai wani sahabi da ake yi wa laƙabi da Zul-Yadaini ya tambaye shi ko an rage sallar ne ko kuwa mantuwa ya yi. Ya amsa cewa bai manta ba kuma ba a rage ba, sannan ya juya ya tambayi sauran jama'a, da suka gaskata Zul-Yadaini sai ya cika sallar ya yi sujadar ba'adi. Wani abin sha'awa shi ne, Ibn Sirin da ya karɓi hadisin daga Abu Huraira ya ce an gaya masa wace salla ce, shi ne ya manta, kuma ya faɗi haka ƙarara bai cike giɓin da zato ba. Malaman hadisi ma sun raba sharaɗi biyu ga mai ruwaya, adalci daban, kiyayewa daban, saboda sun san mutumin kirki yana iya rikicewa. Abdullahi ɗan Lahi'a alƙalin Masar ne, littattafansa suka ƙone a ƙarshen rayuwarsa, sai malamai da yawa suka riƙa bambanta waɗanda suka ji daga gare shi kafin gobarar da waɗanda suka ji bayanta, ba tare da sun kira shi maƙaryaci ba.

Shawarata ita ce ku daina gwada ƙarfin rantsuwa, ku koma ga abin da aka aikata a lokacin da Baba yake raye. Shin ƙanin nasa yana kawo masa wani abu daga amfanin gonar duk kaka, kamar yadda masu aron gona kan yi? Akwai wata takarda, ko an taɓa kai maganar gaban mai gari? Idan akwai dattawan da suka san zancen, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kada a tara su wuri guda na farko ya ja sauran, kuma kada a ce "ba ka ji ya ce aro ba ne?", a ce "me ka sani game da gonar nan?" a bar mutum ya yi bayaninsa. Hukuncin gadon kansa na malamai da alƙali ne, ba na wannan fili ba. Gaisuwa kuwa ki mayar wa yayanki tun yau, domin mutumin da ya rantse a kan abin da zai rage masa rabo bai cancanci a ɗauke shi maƙaryaci ba.

TAMBAYA: An haife ni a tsakiyar 2005, amma ina tuna kusufin ranar da aka yi a 2006 tamkar jiya. Ina goye a bayan mahaifiyata, gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka shiga akurki, maza suka nufi masallaci. Ƙawayena suna yi mini dariya, suna cewa jaririya ba ta tuna komai. Ko baiwa ce Allah ya yi mini?
Daga wata ɗaliba a Gusau

AMSA: 'Yata, kusufin ya faru, ranar 29 ga Maris, 2006, kuma Gusau na cikin garuruwan da rana ta rufe ruf, haka ma Katsina da Maraɗi. Amma a lokacin ba ki cika shekara ɗaya ba, kuma yawancin mutane ba sa riƙe abin da ya faru kafin su kai shekara 3 ko kusa da haka, domin ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke ɗaure labari bai gama nuna ba, harshe ma bai buɗe ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne kin tashi kina jin labarin a bakin mahaifiyarki da 'yan gidanku, kika yi ta suranta shi har ya zauna kamar abin da kika gani. Ki tambayi kanki: a cikin hoton, kina hango kanki a goye? Jariri a bayan uwarsa ba ya ganin kansa.

Ba ke kaɗai ba ce. Jean Piaget, shahararren masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya tashi yana tuna yadda wani mutum ya yi yunƙurin sace shi a birnin Faris yana cikin shekararsa ta biyu da haihuwa, mai renonsa ta kare shi har aka yakushe ta a fuska, ɗan sanda ya iso da farin kulki. Yana da shekara 15 matar ta rubuto wa iyayensa cewa ƙirƙirar labarin ta yi, ta kuma mayar da agogon da aka ba ta tukwici. A 1995 Loftus da Jacqueline Pickrell sun ba mutum 24 labarai huɗu-huɗu na ƙuruciyarsu, uku na gaske da aka samo daga danginsu, ɗaya kuma na ƙirƙira wai sun taɓa ɓata a wani babban kanti suna 'yan shekara 5, sai kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna, wasu har da ƙarin bayani daga kansu. Naki ya fi nasu, tunda abin ya faru kuma kina wurin.

TAMBAYA: Ni tela ne, shekaruna 24. Tun bayan wani hatsarin mota da muka yi wata 4 da suka wuce, wani lokaci ina zaune a kan keke sai komai ya koma mini kamar mafarki. Muryoyin mutane su yi nisa, shagonmu ya zama kamar ba namu ba, hannuna ma kamar ba nawa ba. Na san a raina cewa gidanmu ne kuma mahaifiyata ce, amma ba na jin haka a jikina. Wani lokaci minti kaɗan ne, wani lokaci yini guda. A gida an ce iska ce ta shafe ni, an yi mini ruƙiyya da hayaƙi. Tsorona kada in haukace.
Daga wani matashi a Kano

AMSA: Ƙanena, sannu, Allah ya ƙara kiyayewa. Matsalarka ba irin ta waɗanda suka gabace ka ba ce, domin su abin da ya wuce ne ya rikice musu, kai kuwa abin da ke gabanka ne yake yi maka nisa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan hali sarai, kuma jimla mafi muhimmanci a wasiƙarka ita ce inda ka ce ka san a ranka gidanku ne kuma mahaifiyarka ce. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya cewa "kamar", yakan yarda ɗari bisa ɗari cewa an sauya masa gida ko an musanya masa uwa da mai kama da ita, irin larurar da likitan Faransa Joseph Capgras ya bayyana a 1923. Kai kana bambance abin da kake ji da abin da yake na haƙiƙa, kuma wannan hali da ka kwatanta ba matakin farko na hauka ba ne.

An ƙiyasta cewa kusan rabin mutane sukan ji irin wannan ko da sau ɗaya a rayuwarsu na ɗan lokaci, waɗanda yake daɗe musu har ya dame su kuma ba su wuce 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Yawanci yakan biyo bayan firgita mai tsanani irin wadda ka shiga, domin a lokacin haɗari ƙwaƙwalwa takan dusashe ji don mutum ya iya jurewa, a wasu kuma sai ta ci gaba da yin haka bayan haɗarin ya wuce. Rashin barci yana tayar da shi, haka ma fargaba, kuma tsoron haukacewar da kake yi shi kansa yana ƙara masa ƙarfi, domin duk lokacin da ka tsaya kana auna kanka ko abin ya dawo, kiransa kake yi. Wiwi tana haddasa shi, tiramadol da ruwan kodin ma suna dagula shi, kuma tiramadol har farfaɗiya yake iya jawowa. Ba zarginka nake yi ba, amma na san yadda teloli ke kwana a kan keke idan salla ta ƙarato, da abubuwan da wasu ke sha don kada barci ya ɗauke su.

Duk da haka ina so ka ga likita, ba sai an jima ba, saboda dalili biyu. Na farko, ba ka faɗa mini ko kanka ya bugu a hatsarin ba. Na biyu, akwai wata farfaɗiya da ba ta kayar da mutum ƙasa, takan zo da jin baƙunta na minti ɗaya ko biyu, ko jin kamar abin da ke faruwa ya taɓa faruwa, wani lokaci da wani wari da babu shi, ko wani abu da ke tasowa daga ciki zuwa ƙirji, mutum ya ƙura ido yana motsa baki, bayan ya dawo bai san abin da ya faru ba. Wannan tana da gwaji kuma tana da magani. Ga sauran masu karatu kuma, idan ruɗewa ta zo wa mutum farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko ga mai ciwon suga, ko ga tsoho da bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki, ranar za a kai shi asibiti, ba washegari ba.

Addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa hana zuwa asibiti, ka ci gaba da su, amma ka dakatar da shaƙar hayaƙin da ba ka san abin da ke cikinsa ba, kuma kada ka yarda a dake ka ko a ɗaure ka da sunan fitar da iska. Idan abin ya taso, ka tsayar da keke, ka wanke fuska da ruwan sanyi, ka ja numfashi a hankali, ka ambaci sunayen abubuwan da ke gabanka da baki, almakashi, zare, awo, dutsen guga, sannan ka koma aikinka ko da bai gama sakinka ba. Ka daidaita barcinka, ka rage shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari. A Kano akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau, waɗanda ke nesa kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Maganin yawanci zama ne da likita ana bitar firgitar da ta haddasa abin, a haɗa da maganin fargaba idan da buƙata. Kafin ka je, ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da abin ya zo, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da awa nawa ka yi barci, da duk abin da ka sha, ka kuma tafi da wani abokin aikinka da ya taɓa ganinka a cikin halin, domin likita zai so ya ji ko kana amsa magana a lokacin. Idan an ce maka ba ka amsawa, ka bar hawa babur har sai an duba ka.